Tsokar Yayana a Kwalba Biyu

Bakina ne ya jawo komai. Tun ina yarinya Inna take cewa ba na iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, kuma gaskiyarta ne. Da na ja bakina na yi shiru ranar nan a baranda, da yanzu wani labarin nake rubutawa, ko ma ban rubuta komai ba.

Yayana mahauci ne, ɗan mahauci. A unguwar New Bell aka haife mu, a gidan da kakanmu ya gina lokacin da ya biyo shanu ya zo Douala ya ƙi komawa. Yaya ya gaji teburin Baba a kasuwa, ni kuwa aka kai ni boko, na yi karatu da Faransanci har na zama ma'aikaciyar labo, wato ɗakin binciken likitoci. Da aurena ya mutu na tattaro kayana na dawo gida, muka zama mu huɗu: Inna, Yaya, matarsa da ni. Yaya mutum ne da a da yake saɓa cinyar sa a kafaɗa ya ratsa kasuwa da ita yana gaisawa da jama'a, ko nishi ba ya yi. Ciwon ya soma masa yana da shekara talatin da 'yan kai. Da farko hawan matakala ne ya fara yi masa wuya, sai tashi daga sujada, sai ya dafa gwiwa ya ja numfashi kafin ya miƙe. Daga baya ɗaga adda ya gagare shi. Likitoci suka ce ciwon tsoka ne na gado, tsokar jiki tana ƙarewa a hankali kitse yana maye gurbinta, kuma ba shi da magani. A lokacin da nake ba da labarin nan ya riga ya bar kasuwa, yana wuni a kujera mai taya a ƙofar ɗakinsa, yana jin rediyo yana yi wa kowa faɗa.

Labon da nake aiki yana Bonabéri, kullum sai na haye gada safe da yamma. Shugabarmu mace ce 'yar asalin Douala, Kirista, gajeriya mai tsauri, kowa Madam yake ce mata. Aikinmu ba shi da wuyar bayani. A cikin tsokar kowane mutum akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da suke kwance suna barci, ido ba ya ganinsu. In tsoka ta ji rauni sai su farka, su hayayyafa, su gyara wurin. Su ne irin tsoka, kamar yadda manomi yake da irin shuka. Mu kuma muna karɓar ɗan yankin nama daga jikin mutum, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, mu fitar da waɗannan ƙwayoyi mu zuba su a wasu kwalaben roba masu shimfiɗaɗɗen ciki, mu ajiye a akwatin da ɗuminsa yake daidai da na jikin mutum. Abincinsu wani ruwa ne ja-ja, muna canza musu shi bayan kowane kwana biyu.

Tun asali, a cikin wannan ruwa ana haɗa wani abu da ake samu daga dabba. Binciken Madam shi ne ta haɗa sabon ruwa wanda babu komai na dabba a cikinsa, domin in har wata rana za a mayar da ƙwayoyin jikin mutum, a mayar da su da tsabta. Sabon ruwan bai gama kankama ba. Ƙwayoyin wani su karɓe shi su yi ta yaɗuwa, na wani su ƙi. Saboda haka Madam take da doka ɗaya da ba a taɓa mata: duk naman da ya shigo a raba ƙwayoyinsa biyu. Rabi a tsohon ruwa da aka tabbatar yana raya su, daga nan ake ɗiba a daskarar a adana. Rabi a sabon ruwa, na gwaji. In na gwajin ya mutu, ba a yi asarar mutum ba.

Da Madam ta ce tana neman masu irin ciwon Yaya, ni da kaina na kawo zancensa. Likitansa ya duba shi ya ce cinyoyin kusan duk kitse ne, wuri ɗaya ya rage a ta hagu da za a iya samun abin kirki, kuma kada a sa rai da na biyu. Madam ta zaunar da shi ta yi masa bayani da Faransanci, dalla-dalla, cewa wannan bincike ne, ba magani ba ne, watakila ya amfani wasu nan gaba, shi dai kada ya ɗora rai. Ya gyaɗa kai, aka riƙe masa hannu ya sa a takarda. Muna cikin tasi a hanyar gida sai na ji yana gaya wa Inna cewa za a shuka namansa ya yi yawa a dawo masa da shi.

Na ce, "Yaya, ba haka aka ce ba fa."

Inna ta watso min harara daga kujerar baya. Na yi shiru. A wurin da ya kamata in yi magana na yi shiru, ka ji halina.

Saura kwana biyu a yi aikin, bayan la'asar, ruwa yana ta zuba kamar yadda ya saba a Douala, kwatar ƙofar gida ta cika ta fara shigowa. Muna zaune a baranda, ina tsince wa Inna shinkafa. Yaya ya kashe rediyo ya ce, "Auta, wai naman nan in kun sa shi a kwalba me yake ci?"

Ai kuwa sai na buɗe baki. Daɗi nake ji an tambaye ni aikina a gidan da ba a taɓa tambayata ba. Na ce akwai sukari, akwai gishiri iri-iri, sannan akwai ruwan jinin ɗan tayin saniya. Na ce in an yanka saniya aka tarar da ɗa a cikinta, ana sa allura a zuƙe jinin daga zuciyarsa, a tace, a zuba a kwalba a aiko mana daga ƙasashen waje.

Wa nake gaya wa wannan? Mutumin da ya yi shekara ashirin yana fawa. Ya san ɗan tayi fiye da ni, ya sha ciro shi da hannunsa. Fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Jini?"

Na ce, "Ruwan jini ne, an tace shi."

Ya ce, "Uwar tayin, wa ya yanka ta? A wace ƙasa? Ya yi bisimilla ko kuwa buge ta aka yi a ka?"

Na ce ban sani ba. Maimakon in tsaya nan, sai na ƙara da cewa ai wannan ma ba komai ba ne, maganin da muke ɓamɓaro ƙwayoyin da shi daga jikin kwalba daga cikin alade ake samo shi.

Inna ta saki tire ta ce, "A'uzubillahi! Ke 'yar nan, abin da kike taɓawa ke nan kullum ki dawo ki sa min hannu a abinci?"

Yaya ya ce ya fasa. Ya ce duk rayuwarsa bai taɓa sayar wa Musulmi mushe ba, ko akuya ce ta mutu a mota ya gwammace ya yi asara, ba zai zo ƙarshen rayuwarsa a jiƙa namansa da jinin mushe da ruwan alade a dawo a cusa masa a jiki ya tsaya gaban Allah da shi ba. Na ce haba Yaya, lalura ce, ko malamai ai sun yi magana a kan lalura. Ya ce kada in kawo masa malamai, jikinsa ne. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce an riga an sa rana, an shirya likita, zai kunyata ni a gaban shugabata. Ya ce in ji kunyar. Muka yi ta yi har matarsa ta fito daga kicin tana ba mu haƙuri.

Ni ce dai na kawo mafita, don ina so in ci gardama. Na ce ai muna da sabon ruwa wanda babu dabba a cikinsa ko ɗigo, da sabon maganin ɓamɓarowa wanda babu ruwansa da alade, ni ma nake haɗawa da hannuna.

Ya ce, "To shi kaɗai za a sa wa nawa."

Na ce, "To."

Ya ce, "Ba 'to' nake so ba. Ki rantse, ga Inna shaida."

Na rantse. Na ce wallahi tallahi namansa ba zai taɓa komai na dabba ba muddin yana hannuna. Ban gaya masa dokar raba biyu ba, ban gaya masa sabon ruwan gwaji ne ba. Ya kunna rediyonsa, Inna ta ɗebo wata shinkafar ta ce in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa.

Ranar aikin, ni na ɗauko naman daga asibiti a cikin 'yar kula mai ƙanƙara. Gada ta cushe, na sauka daga tasi na hau bensikin, babur ɗin haya, na rungume kular a ƙirji ina yi wa mai babur masifa ya bi a hankali kuma ya yi sauri. A ƙa'ida bai kamata in taɓa naman ɗan'uwana ba, amma abokiyar aikina tana hutun haihuwa, Madam kuma tana da aji, sai ta ce in yi, ta yarda da hannuna.

Na juye shi a faranti na duba. Ni 'yar mahauta ce, na san nama. Wannan fari-fari ne, da zanen kitse rawaya a jikinsa, jan da ke ciki kaɗan ne. Da a kasuwa ne Yaya ba zai yarda a ɗora irinsa a teburinsa ba. Na sa wuƙaƙe biyu ƙanana na yi ta daddatsa shi har ya zama laushi, na narkar, na tace, na juya a inji. Abin da ya taru a gindin bututu da ƙyar ake ganinsa.

Na jera kwalba biyu. Na rubuta wa ɗaya alamar tsohon ruwa, ɗaya alamar sabo. Na je na buɗe firiza, ga bututun ruwan jinin da Madam ta ware wa wannan aiki, da lambar Yaya a jikinsa, daskararre. Na tsaya ina kallonsa har sanyi ya fara cizon yatsuna. Sai na rufe firizar. Na zuba sabon ruwa a kwalba ta farko, na zuba sabon ruwa a ta biyu, na buɗe littafin aiki na rubuta cewa an yi komai bisa ƙa'ida.

Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya sa ni ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya ta biyu. Akwai shi, na rantse a gaban mahaifiyata. Amma akwai kuma girman kai. Naman mutum uku da suka gabata duk sun karɓi sabon ruwan, kuma ni na haɗa shi. Na manta, ko na ga dama na manta, cewa waɗancan ukun masu lafiya ne, karaya ce ta kawo su asibiti. Na ce a raina Allah ba zai kunyata wadda ta riƙe rantsuwarta ba, na kashe fitila na tafi gida.

A kwana na uku na duba a madubin da muke ganin ƙananan abubuwa da shi, sai ga su. Ba su da yawa, amma sun manne, sirara masu tsini gaba da baya kamar ƙwayar shinkafa, suna sheƙi. Na yi ihu ni kaɗai a ɗaki. Na ɗora wayata a bakin madubin na ɗauki hoto, da na koma gida na kai wa Yaya har gaban idonsa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Waɗannan ni ne?"

Na ce, "Kai ne."

Ya ce, "Kai! Ashe da sauran mutum a ciki." Ya yi dariya har ta sa shi tari. Ya sa na ƙirga masa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce gobe ma in ɗauko, zai gani ko sun ƙaru.

Daga ranar, ina sallama a ƙofar gida zai ce, "Auta, ya yaranmu? Sun ci abinci?" Kafin mako ya zagayo duk layinmu an ji. Abokansa 'yan kasuwa, waɗanda suka zo daga Najeriya suna sayar da yadi da takalma, suka riƙa zuwa bayan Juma'a suna yi masa murna, suna tambayata yaushe za a yi dashen. Inna ta soya waina ta raba sadaka. Takaici ya ishe ni, na ce mata don Allah ta daina tara mana jama'a, ta ce ni ce dai ban da tawakkali.

A kwana na biyar na ga ba su ƙaru ba. A na shida ma haka. Ƙwayar da take da lafiya, in za ta rabu biyu, sai ta dunƙule ta yi haske, kuma duk safiya ina neman irin waɗannan a lungu-lungun kwalba ban ga ko ɗaya ba. Sai suka fara faɗi, suna bajewa kamar ƙwan da aka fasa a kasko. Wasu suka saki kwalbar suna yawo a saman ruwa, matattu. Na san ma'anar wannan, shekara nawa ina aikin. Tsofaffi ne tun daga jikinsa, sun gaji da gyaran da ba ya ƙarewa, kuma ga shi na sa su a ruwan da bai ishe su ba.

A ranar ta biyar ɗin nan da na zuba ruwan jinin, mai yiwuwa da an tsira da wani abu. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na sake buɗe firizar na sake rufewa. In na zuba, na karya rantsuwa. In na gaya wa Madam, ta san na yi mata ƙarya a littafi. Sai na zaɓi abin da ya fi sauƙi a ranar, na riƙa canza ruwa kullum maimakon bayan kwana biyu, na ƙara musu sinadarin da ke sa su yaɗuwa, na yi ta addu'a a kan kwalba kamar wata mai tofi. A gida kuma na riƙa nuna wa Yaya hoton kwana na huɗu, ina juya wayar ta wani gefen don ya ga kamar sabo ne. Yana ƙirgawa yana cewa ya ga kamar sun ƙaru da biyu.

Ranar kwana na goma Madam ta zo duba aiki. Ta ɗora kwalba ta farko a madubi, ta daɗe. Ta ɗora ta biyu. Ta sake mayar da ta farko. Ta tashi ta nufi firiza, ta ciro bututun mai lambar Yaya, cike yake, ko narkar da shi ba a taɓa yi ba. Ta ajiye shi a gabana.

Cikin sanyin murya ta tambaye ni da Faransanci, "Wa ya ba ki izinin yin caca da naman mutum?"

Ni da ba ni da gaskiya, ni na fi ta ɗaga murya. Na ce ba za ta gane ba, addininmu ne, na rantse wa ɗan'uwana, jikinsa ne kuma shi ya ce ba ya so.

Ta ce, "Yana da ikon ya ƙi, ba wanda zai hana shi. Da kin zo kin gaya min, da na je gidanku na zauna da shi. In ya yarda a raba, a raba. In bai yarda ba, da ban bari an yanka ƙafarsa ba sam. Ke kin hana shi ya san gaskiya, kin hana ni ma, sannan kika yanke hukunci ke kaɗai. Kin gaya masa sabon ruwan gwaji ne?"

Na ce a'a.

Ta ce in narkar da bututun in zuba, ko Allah zai sa a samu wani abu. Na narkar da shi a tafin hannuna. Na zuba a kwalba ta farko, na zuba a ta biyu, hawaye yana sauka a cikin takunkumin fuskata. Rantsuwar da na kashe naman a kanta, ga shi na karya ta da hannuna, a ranar da karyawar ba ta da sauran amfani.

Bayan kwana huɗu wani abu ya fara yaɗuwa. Madam ta sa aka rina su da rinin da ke nuna ko na tsoka ne. Ko ɗaya bai kama ba. Ƙwayoyin tabo ne, irin waɗanda suke cike gurbi in tsoka ta ƙare, su ne suka ji daɗin jinin suka mamaye kwalbar. Na tsoka sun riga sun tafi. Madam ta ce wani ya zubar, na ce a'a, ni zan yi. Na tsiyaya musu ruwan jabel, wato bilicin kashe ƙwayoyin cuta, ruwan ja ya koma fari, na jefa kwalaben a buhun ƙonawa.

Ba ta kore ni ba, da ta kore ni ma da na fi jin sauƙi. Ta cire ni daga taɓa naman mutane, ta mayar da ni wanke-wanke da haɗa ruwa. Na je wurin likitan Yaya ni kaɗai na roƙe shi a sake ɗiba, ko daga kafaɗa ne. Ya ce wurin da aka yanka ma har yanzu bai gama warkewa ba, numfashinsa kuma ya fara rauni, sannan babu sauran wurin da ya cancanci a yanka mutum dominsa. Ya tambaye ni me ya sami na farkon. Na ce bai yi ba.

Na yi mako biyu ina ɗauke da maganar. Yaya yana tambaya, ina cewa suna nan. Ya daina neman hoto, ban san dalili ba, ni kuma ban tambaya ba.

Wata Lahadi da hantsi, matarsa ta tafi kasuwa, Inna tana ɗaki tana lazimi, ni kuma ina yi masa aski a baranda, don wanzaminsa ya yi tafiya. Na shafa masa sabulu a ƙeya, ina bayansa ba ya ganin fuskata, sai na ji in ban faɗa yanzu ba ba zan taɓa faɗa ba. Na gaya masa duka. Dokar raba biyu, ƙaryar littafi, hoton da nake juyawa, jinin da na zuba daga ƙarshe, da abin da likita ya ce.

Na gama askin na goge masa wuya. Na zagayo gabansa na durƙusa.

Ya ce, "Auta, ke kika yi karatu. Ni mahauci ne. Na faɗi iya abin da na sani, ke kuma kin san abin da ban sani ba. Me ya sa kika biye min?"

Na ce, "Kai fa ka sa na rantse! A gaban Inna!"

Ya ce, "Rantsuwa ai tana da kaffara. Miskinai goma ne za ki ciyar. Da kin zuba tun ranar farko, kin dafa shinkafa kin kai ƙofar masallaci, kin yi min shiru. Wallahi da ban tambaye ki ba."

Na ce da na yi hakan ya ji daga baya, da tsine min zai yi, kuma ya san haka. Ya ce mai yiwuwa. Zafin ya ɗebe ni, na faɗi abin da ya fi komai muni. Na ce, "Kuma ko da sun rayu, Yaya, ba wanda zai dawo maka da su. Ba magani ba ne. Babu wani dashe."

Ya kalle ni. Ya ce, "Na sani. Kin ɗauka ba na jin Faransanci ne? Don Inna na faɗi haka, daga baya ni ma na ga faɗin yana min daɗi." Ya nemo numfashi, sannan ya ce, "Shekara goma kullum na farka sai na tarar wani abu ya ragu a jikina. Na so ne dai a ce akwai wani wuri, ko a kwalba ne, da wani abu nawa yake ƙaruwa."

Na kifa kaina a hannun kujerarsa na yi kuka, shi kuma bai rarrashe ni ba. Da na gaji ya ce in tura shi ɗaki in ja masa ƙofa, kuma kada in gaya wa Inna, shi zai san yadda zai gaya mata.

Washegari na dafa shinkafa da miya na kai ƙofar masallacin unguwa, kwano goma. Inna ta tambaye ni sadakar mece ce, na ce ta neman sauƙi ce, ta sa min albarka.

Wata takwas ke nan yanzu. Yaya ba ya iya juyawa a gado sai an juya shi, kuma ya fara barci a zaune saboda numfashi. Ba ya fushi da ni, da yana yi ma da na samu abin riƙewa. Muna gaisawa, ina ba shi koko a baki, wani lokaci har ya tsokane ni a kan gishirin miyata. Amma tun ranar askin nan bai ƙara tambayata komai a kan aikina ba. In zan fita da safe sai ya ce a dawo lafiya, in na dawo ya ce sannu da zuwa.